Miƙa jiki gaba ko murɗa ƙugu: wane salon bugu ya kamata yaro ya bi a besbol?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekarata tara ke nan da iyalina a Amurka, kuma ɗana na biyu, mai shekara 13, ya ɗauki wasan besbol da zafi tun yana firamare. Ni da na tashi ina buga ƙwallon ƙafa a layin unguwarmu ban san kan wannan wasa ba, zaman jira a gefen fili ne ya koya mini ɗan abin da na sani. Abin da ya kawo ni wannan zaure shi ne saɓanin da ke tsakanin mutum biyu da suke koya wa yaron bugu, saɓanin da ya sa shi tsaka mai wuya.

Kocin ƙungiyarsu yana cewa ya tara nauyinsa a ƙafar baya, ya taka gaba, ya kwashe nauyin ya mayar kan ƙafar gaba, sannan ya tura hannuwansa kai tsaye zuwa ga ƙwallo kamar mai son ya soke ta da gindin kulki, domin ta tafi a miƙe ta tsakiyar fili. Shi kuwa mutumin da nake biya yana horar da shi ranar Asabar cewa yake yi wannan tsohon yayi ne. A wurinsa yaro zai zauna a baya, ya bar hannuwa kusa da kafaɗa, ya murɗa ƙugu da ƙarfi, kan kulkin zai biyo da kansa yana ɗan hawa sama. Idan na mayar da sunayen da suke kiransu zuwa Hausa, na farko salon miƙewa ne, na biyu salon juyawa.

Bana yaron ya koma babban fili, inda tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu ta tashi daga mita 14 zuwa sama da mita 18, an kuma ba shi kulki mai nauyi, tun daga nan bugunsa ya zama ƙwallo mai gangarawa a ƙasa ba ƙarfi. Ranar Lahadin da ta wuce na ga ya ɗaga ƙafa ya taka, sai ya ɗan dakata a tsakiyar bugun, kamar mai tambayar kansa wane ne daga cikin malaman biyu yake kallonsa. Ina roƙon waɗanda suka san abin su gaya mini: shin hanyoyi biyu ne na gaske da ba sa haɗuwa, kuma wanne ya kamata mu riƙe?

Ɗan Zazzau

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Allah ya raya mana su. Gardamar da ta same ku a filin yara ta girmi kocin nan biyu, don asalinta yana komawa ga mutum biyu da dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Na farko shi ne Ted Williams na ƙungiyar Boston Red Sox, wanda ya kammala kakar 1941 da maki .406, wato cikin kowane bugu dubu da aka lissafa masa ya yi nasara sau 406, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake kai .400 a rukunin American League ko na National League, rukunai biyu na babbar gasar besbol ta Amurka. A littafinsa The Science of Hitting, da ya fito a farkon shekarun 1970, ya tsaya kan abu biyu: ƙugu ne jagora, hannuwa mabiya ne, kuma kulki ya kamata ya ɗan tashi sama a hanyarsa saboda ƙwallon da aka jefo tana sauka ne. Mike Epstein, wanda ya yi wasa a ƙarƙashinsa lokacin da Williams yake jagorantar Washington Senators daga 1969, shi ne daga baya ya yaɗa wannan koyarwa da sunan salon juyawa, kuma ina kyautata zaton mai horarwarku na Asabar daga wannan rijiya ya sha.

Na biyu shi ne Charley Lau, wanda bai yi fice ba a matsayin ɗan wasa, amma ya zama mashahurin malamin bugu a Kansas City Royals a shekarun 1970. Lau ya koyar da fara tsayuwa da nauyi a baya, da kai shi gaba a kan ƙafa tsayayya, da ajiye kai a ƙasa ido a kan ƙwallo, da buga ta duk inda jifan ya nuna, hagu ko dama ko tsakiya, har ma da sakin hannun sama daga kulki bayan bugu domin hannun ƙasa ya miƙe sosai. Babban ɗalibinsa George Brett ne, wanda yake ta fama a 1974 kafin Lau ya gyara shi, ya zo ya ci kambun bugu, wato ya fi kowa irin wannan maki a rukuninsa, a 1976 da 1980 da 1990, kuma a 1980 ya kai .390.

Akwai abin da masu cewa tsohon yayi suke mantawa. Filin Kansas City na wancan zamani yana da faɗi ƙwarai, kuma ciyawar roba aka shimfiɗa masa, wadda ƙwallo ke gudu a kanta kamar an kore ta. A irin wannan fili, ƙwallon da aka ɗaga sama sau da yawa a hannun mai tsaron baya take ƙarewa, wadda aka buga a miƙe ko a ƙasa da ƙarfi kuwa takan ratsa tsakanin masu tsaro ta tafi har shinge. Lau bai koyar da shirme ba, ya koyar da abin da ke cin wasa a inda yake.

Williams bai ɓoye ƙin wannan hanya ba, musamman da Walt Hriniak, almajirin Lau, ya kawo ta Boston, tsohuwar ƙungiyar Williams. Hujjarsa ita ce tana kashe ƙarfin bugu. Sai dai ga wani abin dariya da nake yawan tunawa: Frank Thomas na Chicago White Sox, wanda Hriniak ya horar, mai sakin hannun sama a ƙarshen bugu, ya yi ritaya da bugun tsallake shinge 521, daidai adadin da Williams ya yi, ba ƙari ba ragi. Don haka ni ba zan ce ka kori kocin ƙungiyar ba, kuma ga yaro mai shekara 13 da ƙarfinsa bai kawo ba, na fi karkata ga a koya masa ya riƙa samun ƙwallo a tsakiyar kulki kafin a fara yi masa maganar shinge.

Injiniya Mai Ritaya

Malam Ɗan Zazzau ya kawo tarihin yadda yake, amma ina da ja a kan ƙarshen maganarsa, domin ya bar Baban Khalifa da tunanin cewa zaɓi ne tsakanin samun ƙwallo da ƙarfin bugu. Idan aka ɗauki hoton bidiyon Brett da na Williams aka rage gudunsu, za a ga dukansu biyu sun matsa gaba, kuma dukansu biyu sun juya. Babu ɗan wasan da ya kai babbar gasa yana bugu da miƙewa zalla, domin kulki abu ne da aka riƙe a gefe guda, ɗaya gefen kuwa dole ya kewaya.

Duk wanda ya taɓa ganin mai tura kurar ruwa a hanya mai gangara ya san abin da ke faruwa idan tayar gefe ɗaya ta ci karo da dutse: kurar ba ta tsayawa cak, sai ta wulwula ta kewaya dutsen da duk gudun da ta taho da shi. Ƙafar gaba ta mai bugu ita ce wannan dutse. Yana matsawa gaba domin ya tara gudu, da zarar dunduniyar gaba ta sauka sai ƙafar ta dage, gwiwa ta fara miƙewa, ta tokare wannan gefen na ƙugu, ɗaya gefen kuma ya zagayo. A wannan lokacin kafaɗu suna nan a rufe, jiki ya murɗe kamar zanen da ake matsewa bayan wanki, sannan ya warware bi da bi: ƙugu, sai gangar jiki, sai hannuwa, kan kulki a ƙarshe kuma shi ya fi kowa gudu. Miƙewar ita ce ke ciyar da juyawar, amma tana da lokacin da dole ta ƙare. Idan gwiwar gaba ta ci gaba da lanƙwashewa bayan an taka, jiki yana zamewa gaba, to babu dutsen, kurar ta wuce abinta, sai a bar wa hannuwa kaɗai aikin ɗaukar kulki mai nauyin kusan giram 900. Ina zargin abin da ke damun yaronka ke nan.

Hank Aaron, mai bugun tsallake shinge 755, yakan kai nauyinsa gaba har ƙafarsa ta baya ta bar ƙasa a lokacin bugu, amma ba wanda zai ce ƙugunsa ba ya juyawa. Saboda haka umarnin a zauna a baya, idan aka ɗauke shi a kan lafazinsa, shi ma kuskure ne.

Inda nake bayan Williams ba tare da kokwanto ba shi ne hanyar kulki. Mai jifa yana tsaye a kan tudu mai tsayin kimanin santimita 25, yana sakin ƙwallo daga sama da kafaɗa, kuma nauyinta yana janta ƙasa a tsawon mita 18.44 da za ta yi, don haka tana isowa tana sauka. Wanda ya saro kulki daga sama kamar mai faskare, hanyarsa da ta ƙwallo a wuri ɗaya tak za su haɗu, idan ya yi gaggawa ko jinkiri kaɗan ya rasa ta ko ya daki samanta ta gangara. Wanda kulkinsa ya shiga layin ƙwallon da wuri yana ɗan hawa, yana da tazara mai tsawo da zai iya samunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa jifa mai gudun kilomita 145 a awa yana isowa cikin kimanin kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa.

Batun sakin hannun sama kuma, ban ga abin faɗa a kai ba. Haɗuwar kulki da ƙwallo ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ƙwallon ta tafi tun kafin hannu ya san an yi. A 2012 Todd Frazier na Cincinnati Reds ya buga ƙwallo ta tsallake shinge alhali kulkin yana kuɓuce masa daga hannu.

Maman Hanifa

Sannunku da ƙoƙari. Baba Injiniya, bayaninka ya gamsar da ni game da abin da jiki yake yi, amma a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba, domin koci ba lissafi yake karanta wa yaro ba, kalma yake jefa masa wadda yake fatan za ta gyara wani aibi. Mun yi shekara shida a Japan, ɗana ya yi wasa da ƙungiyar yaran unguwa, kuma na ga yadda suke tsayawa a ƙofar gida da yamma suna kaɗa kulki a iska sau ɗari ko fiye, ba ƙwallo ba komai. Yawancin dattawan da ke koya musu cewa suke yi a saro daga sama. Suna kafa hujja da Sadaharu Oh, wanda malaminsa Hiroshi Arakawa ya sa shi atisaye da takobi yana saran takarda, ya kuma koya masa tsayuwa a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Oh ya buga ƙwallo 868 ta tsallake shinge, kuma babu yadda za a yi hakan da kulki mai nufar ƙasa a lokacin haɗuwa. Abin da yake ji yana yi daban, abin da kyamara take gani daban, kuma tunanin saran ne ya hana kan kulkinsa faɗuwa baya.

Shi ya sa nake ganin kowane salo yana da irin ɓarnar da yake yi wa yaron da ya wuce gona da iri. Wanda aka cika wa kunne da a kai nauyi gaba, mai jifa mai wayo zai rage masa gudun ƙwallo, sai ka gan shi ya riga ya zube a kan ƙafar gaba yana miƙa kulki kamar mai roƙo. Wanda aka cika wa kunne da murɗa ƙugu, kafaɗarsa ta gaba takan buɗe da wuri, kansa ya bi ta, duk ƙwallon da aka jefa ta gefen nesa da jikinsa sai ta wuce shi ko ya taɓa ta da bakin kulki.

Kuma kada mu ɗauka babbar gasar Amurka ta yanke hukunci. Gaskiya ne tun da aka fara auna kowane bugu da na'urorin Statcast a 2015 'yan wasa da yawa suka koma ɗaga ƙwallo, har aka yi bugun tsallake shinge 6,776 a 2019, adadin da ba a taɓa yi ba. Amma a 2018 ne karo na farko da yawan waɗanda mai jifa ya fitar bayan sun kasa bugun jifa uku ya zarce yawan bugun nasara. Da aka fara bayyana gudun kulki a 2024, Giancarlo Stanton ne a sama da kimanin kilomita 130 a awa, Luis Arraez kuma a can ƙasa da kimanin 100, amma Arraez ne ya ci kambun bugu a shekarar, karo na uku a jere da ƙungiyoyi uku daban-daban. Ichiro Suzuki, wanda kusan da gudu yake barin wurin bugu tun kulki bai gama kewayawa ba, ya yi bugun nasara 262 a 2004, ya karya tarihin da George Sisler ya kafa tun 1920. Jikin yaro da idonsa suna da ta cewa a kan irin mai bugun da zai zama.

Baban Khalifa, kafin ka zaɓi koci, ka tsaya a gefen yaron daidai ƙirjinsa, ka ɗauke shi da wayarka a tsarin da ke rage gudun hoto, ka dubi abu biyu kawai: abin da gwiwarsa ta gaba take yi bayan dunduniya ta sauka, da kuma wanne ke fara motsi tsakanin ƙugu da hannuwa.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi shawararki jiya da yamma a bayan gida, na ɗora ƙwallo a kan turken atisaye ya buga sau ashirin ina ɗauka, kuma lalle gani ya kori ji. Akwai sandar shingen maƙwabcinmu a bayansa, da ita na riƙa auna kansa. Bayan dunduniyarsa ta sauka, kan nasa yakan ci gaba da tafiya kusan taƙi guda, gwiwar gaba tana ƙara lanƙwashewa, kamar yadda Baba Injiniya ya zata. Hannuwansa kuma suna barin kafaɗa tun maɓallin bel ɗinsa yana kallon inda nake tsaye. Abin mamaki shi ne a ƙarshen bugun yakan murza ƙafar baya da ƙarfi, bayan ƙwallo ta riga ta tafi, wato yana biya wa malamin Asabar haƙƙinsa ne a lokacin da ba ya da amfani. Da na nuna masa hoton, sai ya ce shi a ransa yana jin ƙugunsa ne ke fara tafiya.

Yanzu tambayata ita ce wane atisaye zai gyara wannan ba tare da na zama koci na uku da zai ƙara ruɗa shi ba, kuma ko nauyin sabon kulkin yana da hannu a ciki.

Injiniya Mai Ritaya

Yana da hannu sosai. Yaron da kulki ya fi ƙarfinsa yakan jefa jikinsa gaba domin ya taimaka wa hannuwa su ja shi, don haka ka sa ya riƙe kulkin ɗan sama da gindinsa da kimanin faɗin yatsu biyu, ka sake ɗaukar hoton ka gani ko tafiyar kan ta ragu.

Atisayen da zan ba da shawara ba ya saɓa wa kowanne daga cikin malaman. Ya taka gaba yadda kocin ƙungiya yake so, ya tsaya cak a nan na daƙiƙa ɗaya, hannuwa suna baya kusa da kafaɗa, nauyi a rabe tsakanin ƙafafu biyu, sannan ya buga daga wannan tsayuwa ba tare da ƙara matsawa ba. Kada ka ce masa ya murza ƙafar baya, ka ce ya ture ƙasa da ƙafar gaba har gwiwa ta miƙe, dunduniyar baya za ta tashi da kanta idan ƙugu ya ja ta. Sau goma da tsayawa, sau goma ba tsayawa, ka ajiye turken wani lokaci a gefen kusa da jikinsa, wani lokaci a gefen nesa kuma ɗan baya kaɗan, saboda abin da Hajiya ta faɗa game da buɗewar kafaɗa. Ka tura wa malaman biyu hoton jiya ba tare da ka gaya wa ɗaya abin da ɗayan ya ce ba, ka tambayi kowannensu aibin da ya gani. Bayan mako biyu ka tsayar da yaron a daidai wurin jiya, sandar shingen tana bayansa, ka kawo mana sabon hoton mu auna.